Sojan da Ya Ɓare Gyaɗa da Inna

Ni aka gayyata ƙasar Holan, ba Bitrus ba. Ina so a san wannan tun farko, domin duk abin da na aikata daga baya, daga nan ya taso.

Sunana Tukur. Shekara ashirin da 'yan kai ina sana'ar fenti a Birnin Gwari, a wani shago kusa da tasha. Ni ke rubuta allunan shaguna, ni ke zana zaki da dawisu da jirgin sama a bayan manyan motocin hatsi. Wata baturiya da ta zo aikin asibiti ta ɗauki hotunan motocin da na zana, bayan kusan shekara sai ga takarda daga wata makarantar zane da ke birnin Hague. Suna tara masu zane daga wuraren da soja ya zama abin gani na kullum, su zauna wata uku, kowa ya zana yadda soja yake a tsakiyar jama'arsa. A ƙarshe za a baje aikin kowa, a zaɓi mutum ɗaya ya ƙara shekara guda yana karatu. A ƙasan takardar aka ce ina iya zuwa da mutum ɗaya mai zane, shi ma a yi shirin da shi.

Na zaɓi Bitrus Ayuba. Ajinmu ɗaya a firamare, ya sha cin tuwo a gidanmu na ƙauyen Gayam, yanzu kuma yana koyarwa a Randagi. Yana jin Turanci sosai, ni kuwa nawa bai wuce na rubutun allo ba. Yakan ɗan yi zane da alli da gawayi don darasin aji. Na gaya wa mutane don zumunci na ɗauke shi. Gaskiyar magana, akwai mutum biyu a gari da hannunsu ya fi nasa faɗawa, da gangan na tsallake su. Tafinta nake so wanda ba zai sha gabana ba.

Tun a filin jirgin sama na Amsterdam na fara ganin abin da ban shirya masa ba. Jami'in da ke duba fasfo ya yi mini tambaya, na ce ya maimaita, ya maimaita, ban gane ba. Aka ja ni gefe. Bitrus ya matso ya yi masa bayani, har na ga jami'in ya yi murmushi, ya buga mana hatimi. Takardar gayyata sunana ne a samanta da manyan haruffa, amma Bitrus aka miƙa wa ita, shi aka ce wa barka da zuwa.

An ba mu masauki a saman gidan wani dattijo mai suna Henk, muna kiransa Baba Henk. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Matakalar gidan a miƙe take kamar tsani, ɗakin kuma gado biyu ne da taga ɗaya mai kallon wani rafi da aka gina wa bakinsa da bulo. Ruwan sama nasu ba shi da tsawa ba shi da iska mai ƙamshin ƙasa, yayyafi ne kawai da ke wuni yana jiƙa mutum a hankali. Makon farko ban ga rana ba ko sau ɗaya. Sai da na riƙa duba waya kafin in san azahar ta yi.

Kowa a garin keke yake hawa, mu ma muka ga gara mu nemi namu. A bakin tashar jirgin ƙasa wani baƙin mutum ya tare mu, ya rungume mu, yana ta kiranmu 'yan uwansa. Ya ce yana da kekuna biyu na wasu ɗalibai da suka koma gida. Muka saya, muka yi masa godiya, har na ce wa Bitrus Allah ya haɗa mu da mutumin kirki. Kwana biyu bayan nan 'yan sanda suka tsayar da ni a kan wata gada. Suka juya keken, suka duba wata lamba a ƙarƙashinsa, ashe na sata ne. Na tsaya mutane na wucewa suna kallona, ni da ko tsinken wani ban taɓa ɗauka ba. Bitrus ya yi bayani, ya kwatanta musu mutumin, sannan ya sauka daga nasa keken da ba su ma tambaya ba, ya ce shi ma su duba. Suka karɓe duka biyun, suka sallame mu. Ɗaya daga cikinsu har ya ba Bitrus hannu.

Da Baba Henk ya ji, sai ya buɗe ɗan ɗakin ajiyarsa ya fito da keken matarsa, ya goge shi, ya miƙa wa Bitrus. Su biyun sun riga sun saba, kullum da yamma suna zaune a kicin suna shan shayi, tsohon yana ba shi labarin lokacin da aka ɗauke shi aikin soja na dole yana saurayi. Ni sai in zauna a gefe ina dariya in sun yi dariya.

Bitrus ya turo mini keken ya ce, "Kai za ka riƙa hawa, Tukur. Ni tafiyar ƙafa ba ta damuna."

Na karɓa. Amma duk sanda na hau sai in tuna ba ni aka ba ba.

Abinci ya ba ni wahala ƙwarai. Burodi da safe, burodi da rana, da wani cuku mai tsami. Sai da wani Balaraben Maroko mai shagon nama ya gan ni ina leƙa kayansa kullum, ya tambaye ni ko ni Musulmi ne, ya rufe shago ya raka ni masallaci da ƙafarsa. Shi ya nuna mini wata mata mai sayar da kuɓewa da garin masara. Ranar da muka tuƙa tuwo a kicin ɗin Baba Henk, na kira matata Rabi a waya don ta gani. Ta yi ta dariyar gudajin da ke ciki. Na ce mata ta fara shiri, domin ni za a zaɓa in ƙara shekara, ba na ko shakka.

Malamar da ke kula da mu sunanta Madam Els, doguwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Mu goma sha ɗaya ne daga ƙasashe daban-daban. A mako na biyu ta kwashe mu a jirgin ƙasa zuwa wani babban gidan ajiye zane-zane a Amsterdam. Ta wuce da mu ɗakuna da yawa ba ta tsaya ba, sai da muka isa wani ɗaki na masu zanen ƙasarsu da suka rayu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ta ce waɗannan mutane sun gaji da zana janar-janar a tsaye da lambobin yabo, sai suka riƙa bin sojoji zuwa bariki da filin atisaye da titunan gari, suna neman kama haske da motsi kafin su ɓace.

Akwai zanen sojoji bisa dawakai suna gangarowa daga tudun yashi, ƙura ta cinye ƙafafun dawakan. Akwai wani ƙarami, soja jingine da ƙofa yana hira da wata 'yar aikin gida mai riƙe da bokiti. Babban cikinsu kuwa layin sojoji ne cikin riguna masu duhu suna tafiya a kan jiƙaƙƙen titi, jama'a sun cakuɗe da su, mata da kwanduna, wani tsoho da lofe a baki. Na matsa kusa da idon mai sana'a. Ba layi ko ɗaya da ya miƙe. Fuskoki ɗigon fenti ne kawai, maɓallan riga ba a ma zana su ba.

Na ce wa Bitrus, "Wannan ai bai gama aikinsa ba. Da direba ne ya ba ni wannan aiki na mayar masa haka, ba zai karɓi motarsa ba."

Ya ja baya taku biyar, ya tsaya, ya daɗe. Can ya ce, "Zo nan ka gani. Ka ga matar can ta gefe? Ta kama hannun rigarsa, ba ta san ko ta riƙe shi ko ta sake shi ba."

Na je na tsaya inda yake. Daga nan kuwa sai na ga suna tafiya, na ga ruwan titi yana ƙyalli, na ga matar. Raina ya sosu, domin ni ya kamata in fara gani.

Madam Els ta ce jirgin ruwa sojojin za su shiga zuwa wasu tsibirai masu nisa da Holan ke mulka a lokacin, da yawansu ba su dawo ba. Bitrus ya fassara mini. Na ce masa da Hausa, "To mutanen can da suka ga saukarsu fa, su wa ya zana su?" Ya juya ya faɗa mata da Turanci. Ta dube shi, ta gyaɗa kai, ta fito da ɗan littafinta ta rubuta. Wataƙila ya ce ni na faɗa. Ban ji sunana ba. Har muka dawo Hague ban yi masa magana a jirgi ba, shi kuma ya ɗauka gajiya ce.

Muka fara aiki. Kowa an ba shi kusurwarsa a wani babban ɗaki mai tagogi a rufi, da ƙyallen zane da fenti irin wanda ban taɓa shafa mai kyansa ba. Ni na san abin da zan yi. Ayarin motoci zan zana a hanyar Kaduna, a shekarun da ba a bin ta sai da rakiyar soja, motar yaƙi a gaba, dajin a hagu da dama. Na zuba iyawata duka. Kowace taya da zanenta, kowace bindiga da ƙarfenta, har ɗinkin hular kwano ban bari ba. Sauran ɗalibai suna tsayawa suna mamakin yadda hannuna ba ya rawa.

Madam Els ta zo ta tsaya a bayana. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Bitrus ya ce, "Ta ce motocin ba su da aibi."

Na ce, "Sai me kuma? Na ga ta faɗi fiye da haka."

Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ta ce ta ga mota ta ga bindiga, amma ba ta ga wanda ke jin tsoro ba, ba ta ga wanda aka rako ba."

Shi kuwa Bitrus mako uku yana ɓata ƙyalle. Bai taɓa riƙe buroshin mai ba, ni na koya masa yadda ake haɗa launi da yadda ake wanke buroshi. Ganin yana fama ya kwantar mini da hankali, har na dawo ina yi masa wasa kamar da.

Wata Asabar da rana muna cin abinci a kicin, ya tambaye ni ko akwai wani soja da na taɓa gani ban manta shi ba. Ban san abin da ya sa na buɗe baki ba, kewar gida ce ina tsammani. Na ba shi labarin mahaifiyata.

A shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, mutanen Gayam da yawa sun baro gida, aka ajiye sojoji a firamaren da ke kusa. Inna ta ƙi tasowa, ta ce sai ta kintsa gyaɗarta. Na hau babur na je ɗauko ta ko da rigima. Na same ta ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida da ƙwarya a gabanta. Kusa da ita wani soja ne zaune kan kifaffen turmi, bindiga kwance a cinyarsa, yana taya ta ɓare gyaɗa. Mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ita kuma faɗa take yi masa wai yana farfasa mata ƙwaya, yana ta cewa to, to, bai san me take cewa ba. Matan maƙwabta sun yi cirko-cirko daga nesa, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba. Washegari na kawo ta cikin gari. Ba ta sake ganin Gayam ba, shekarar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa.

Bitrus ya ajiye cokali. Ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Tukur, wannan ai shi ya kamata ka zana."

Na ce, "Turawa su biya jirgi tun daga Najeriya don in zana musu ɓarar gyaɗa?"

"To in ba za ka yi ba, ka yarda ni in gwada?"

Na yi dariya na ce, "Gwada mana."

Kwana goma ya yi a kai. Ban leƙa ba, domin ban ɗauke shi komai ba. Ranar da na shigo ɗakin aiki na tarar da ɗalibai sun taru a kusurwarsa shiru, na ɗauka wani abu ya fasa. Na kutsa na duba.

Inna ce. Bai zana idonta ba, bai zana tsagen fuskarta ba, shafa uku ko huɗu ne na fenti. Amma ga yadda take karkatar da kai idan tana faɗa, ga kafaɗarta ta hagu da ta fi ta dama sauka saboda shekarun ɗaukar kaya, ga ɗankwalin da ke zamewa kullum. Hasken da ya ratso ganyen ɗorawa ya zuba a kan ƙwarya da kan bindigar daidai wa daida. Sojan ya duƙa, manyan yatsunsa sun rasa yadda za su yi da 'yar gyaɗa. Can baya matan nan uku, inuwa kawai, amma kana ganinsu ka san ƙafarsu ɗaya a shirye take ta gudu.

Na so in yi kuka, amma ba kukan ne ya zo ba. Abin da ya zo shi ne wannan: ni na sha nononta, ni na ga abin da idona, ni na yi shekara ashirin da buroshi a hannu, shi kuwa daga ji sau ɗaya a bakin kwanon tuwo ya fito da ita. Madam Els ta dafa kafaɗarsa, ita da ba ta taɓa dafa kowa ba. Ta ce wannan za a sa a jikin takardar sanarwar baje kolin.

Bitrus ya nemo ni da ido cikin mutane, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Ta yi kama, Tukur?"

Na ce, "Ba laifi."

Kwana huɗu abin yana cina. In na ci abinci ba na jin ɗanɗano. In na ji dariyarsa da Baba Henk a ƙasa sai in ji kamar da ni suke. Rabi ta kira tana tambaya ko an fara maganar zaɓe, na ce mata layi ba kyau. Na riƙa tara hujjoji ina jera su: ni na kawo shi, ni na koya masa haɗa launi, uwata ce, labarina ne. Abin da na ƙi sakawa cikin jerin shi ne ya tambaye ni, na kuma ce ya gwada.

Ranar Laraba da safe Bitrus ya raka Baba Henk asibiti a duba masa ido. Na hau keken na tafi makaranta ni kaɗai, na ƙwanƙwasa ofishin Madam Els. A hanya na shirya abin da zan ce, cewa labarin nawa ne, ya kamata a ambaci sunana. Amma Turancina bai kai nan ba. Kalmar da nake da ita ita ce sata. Na ce uwata ce, aikina ne, Bitrus ya sace. Na ga fuskarta ta canza, na gane maganar ta fi abin da na nufa nauyi. Ina da damar in gyara. Ban gyara ba.

Da yamma ta kira mu mu biyu. Ba wani mai jin Hausa a makarantar, don haka Bitrus ne ya zama tafintan ƙarar da aka kai shi. Ta yi magana, ya saurara har ta gama. Ya juyo gare ni a hankali.

"Ta ce ka ce na sace maka aiki. Ta ce dokarsu ita ce kowa ya kawo nasa, tana so ta ji daga bakinmu."



Ya ce, "Tukur, ka tuna na tambaye ka a kicin?"

Na ce, "Ban ce ka kai ta gaban turawa suna kallo ba."

Ya dube ni ya daɗe. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Sai ya juya ya yi mata magana gajeriya. Wannan karon na gane duka, don kalmomin masu sauƙi ne. Ya ce, "Mahaifiyarsa ce, gaskiya ya faɗa, na janye zanen." Madam Els ta yi ta magana, ina jin tana cewa ba haka take nufi ba, ana iya sa sunayenmu mu biyu. Ya ce a'a. Ya tafi ɗakin aiki, ya cire ƙyallen daga katakonsa, ya jingine katakon babu komai.

Saura kwana tara a baje koli. Ya zana wani abu cikin gaggawa, soja yana sayen masara gasasshiya a bakin hanya. Yana da kyau, amma kowa ya san ba kamar wancan ba. A gida bai daina gaishe ni ba, bai daina yi mini tafinta ba, in ya dafa abinci sai ya rufe mini nawa. Hira ce kawai ta mutu.

Ni kuma na yi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na sayi ƙaramin ƙyalle, duk sanda ya fita sai in kafa shi a ɗaki in zana Inna da sojan da kaina, don in nuna wa kaina zan iya. Na sa mata ido, na sa tsage, na sa zanen atamfarta fure bayan fure. Da na gama na ja baya taku biyar. Wata mata ce irin wadda nake zanawa a allon masu kitso. Na sake, na sake. Baba Henk ya hauro wata rana ya same ni a kai. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya sauka. Can sai ga shi da kofin shayi da biskit biyu, ya ajiye kusa da ni, ya dafa bayana ya fita. Na nannaɗe ƙyallen na jefa a kwandon shara na bakin titi.

Ranar baje koli aka rataye ayarin motocina kusa da ƙofa. Mutane suna shigowa, su ɗan tsaya, su ce aiki mai tsafta, su wuce. Aka zaɓi wata mata daga wata ƙasa ta ƙara shekara. Ina tafa mata hannu ina satar kallon Bitrus. Na san wurinsa ne na hana shi, kuma ko a lokacin, Allah ya yafe mini, akwai wani lungu a zuciyata da ya ji sanyi da ba shi aka kira ba.

Muka dawo. Daga Kaduna muka shigo mota ɗaya, kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Muka wuce shingen sojoji, muka ratsa daji, ba wanda ya ce uffan. A tashar Birnin Gwari ya buɗe jakarsa ya fito da wani dogon kwali ya miƙo mini.

Ya ce, "Taku ce. A gidanku ya kamata ta zauna."

Nan take ya hau acaɓa ya nufi Randagi.

Na yi wata biyu ban buɗe kwalin ba. Daga baya na buga masa katako na rataye shi a ƙuryar ɗakina, inda baƙi ba sa shiga. Mutanen gari suna zuwa shago suna kirana mai zanen Turai, ina amsawa. In an tambayi Bitrus sai in ce yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi.

Bayan sallar layya ƙanwata Hajara ta zo daga Funtuwa, inda take aure. Ita ce autar Inna, a hannunta Inna ta cika. Ta shiga ƙurya ajiye mayafi, sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa. Tana durƙushe a gaban zanen, hannunta a baki, hawaye na zuba.

Ta ce, "Yaya, har kafaɗar. Har ɗankwalin. Ni ko hotonta na waya ba ya dawo mini da ita haka." Ta share fuska da gefen zane. "Allah ya yi wa hannun nan naka albarka. Ashe ba a banza ka je ƙasar mutane ba."

Rabi tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma tana tsammanin nawa ne, don ban taɓa ce mata ba nawa ba ne. Da na yi shiru shi ke nan, ba mai ƙaryata ni. Addu'ar ta yi mini daɗi ƙwarai, na so in riƙe ta ko na minti ɗaya ne, na kuwa riƙe. Sannan na ce, "Ba ni na zana ba. Bitrus ne."

"Bitrus na Randagi? Wanda Inna ke ɗebar wa ƙanzo?"

Na ce shi. Na zauna bakin gado na ba su labarin duka, har da ofishin Madam Els, har da kwandon shara. Rabi ta fita tsakar gida. Hajara ta miƙe ta ɗauki mayafin da ta ajiye.

Ta ce, "Tashi ka kai ni."

Na goya ta a babur. Hanyar Randagi ta ci ruwa, sau biyu muna sauka muna turawa. Muka same shi a ƙofar gidansa yana gyaran shingen lambu. Hajara ta sauka ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta yi ta yi masa godiya tana kuka, yana ta cewa ta tashi, ta tashi, Inna ai uwarmu ce duka. Matarsa ta fito ta ja ta ciki.

Ni ina tsaye a rana riƙe da babur. Na shirya magana tun daga gida, da Hausa wannan karon, ba ni da uzurin rashin kalma, amma ta ƙi fitowa. Ya tattara igiyarsa da addarsa ya nufi zaure. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

Ya ce, "Ka kafe babur ɗin ka shigo mana, Tukur. Ba wanda zai sace shi a nan."

Na kafe shi na bi bayansa.